Allura da Zare a Lokacin Kirsimeti: Darasi daga Zamanin Bauta a Amurka

Duk wanda ya yi hidima a ikkilisiya a ƙasarmu ya san yadda watan Disamba yake. Tun kafin ƙungiyar mawaƙa ta gama koyon waƙoƙin Kirsimeti, teloli sun daina karɓar sabon aiki. Keken ɗinki yana ta ƙara har tsakar dare, matan zumunta suna kai da kawowa a kan maganar anko, yara kuma kullum sai sun leƙa shagon tela su ga ko an yanka yadinsu. Fasto mai lura ya san cewa cikin jama'arsa akwai uwar da ba za ta zo sujada ran 25 ga wata ba, domin 'ya'yanta ba su sami sababbin kaya ba, kunya ta hana ta fitowa. Amma idan muka buɗe littattafan tarihin ikkilisiya da muke karantawa a aji, majalisu muke gani, da bishop-bishop, da gardama a kan koyarwa. Da wuya mu ga allura.

A wannan darasi za mu bi sawun allurar. Za mu tafi Amurka, tsakanin 1827 da 1865, lokacin da ake bautar da baƙar fata a jihohin kudu, ikkilisiyoyi kuma suka rabu a kan ko bautar zunubi ce ko ba zunubi ba ce. Wurare biyu za mu fi daɗewa a cikinsu: wani ɗan lungu a ƙarƙashin rufin gida a garin Edenton, da kasuwar Kirsimeti ta matan birnin Boston.

Kafin a fara sayen Kirsimeti a kanti

Ɗalibai da yawa sukan yi mamaki idan suka ji cewa akwai Kiristocin da suka hana bikin Kirsimeti. 'Yan Furitan, waɗanda suka nemi tsarkake ikkilisiyar Ingila daga duk al'adar da ba su gani a Littafi Mai Tsarki ba, sun ce ba inda aka umarce mu mu kiyaye ranar, ga shi kuma mutane sun mai da ita ranar shaye-shaye. A 1647 majalisar Ingila ta soke bikin. A 1659 hukumar Massachusetts, inda Boston take, ta sa tarar sule 5 a kan duk wanda aka kama yana kiyaye ranar. An janye dokar a 1681, amma halin bai tafi da wuri ba. Sai a 1856 jihar ta mai da Kirsimeti ranar hutu. Saboda haka a shekarun 1830 bikin sabo ne a gidaje da yawa na Boston, ana cikin koyon yadda ake yinsa.

Itacen Kirsimeti kuwa Jamusawa ne suka kawo shi. Abin da ake rataya masa na gida ne: 'ya'yan itace, furannin takarda, kyandir, 'yan tsana na ƙyalle, da ƙananan jakunkuna da aka ɗinka aka cika da alewa. Yara kuma sukan rataye safa da dare domin a sa musu kyauta a ciki. Ƙwallayen gilas masu ƙyalli da muke gani yau ba su cika kasuwar Amurka ba sai wajen 1880, sa'ad da kantunan Woolworth suka fara sayar da na Jamus. Keken ɗinki na Singer ma sai a 1851 ya fito. Kafin nan kowace riga da hannu ake ɗinka ta, taguwar namiji ɗaya takan cinye yini guda cur ko fiye. Wanda ya karɓi kyautar ɗinki ya san kwanakin wani aka ba shi.

'Ya'yan Dokas

Matan ikkilisiya na wancan zamani ba su rasa abin koyi ba. A Ayyukan Manzanni 9:36-42 muna da labarin Tabita, wadda ake kira Dokas, almajira a Yafa. Da ta mutu aka kira Bitrus daga Lidda, gwauraye suka kewaye shi suna kuka, suna nuna masa riguna da tufafin da ta ɗinka tun tana tare da su. Mu lura cewa Luka bai rubuta mana ko kalma ɗaya da ta fito daga bakin Dokas ba. Tufafin ne suka ba da shaidarta. A ƙarni na 19 mata a Ingila da Amurka suka kafa ƙungiyoyin ɗinki da yawa da sunanta, suna taruwa mako-mako, ɗaya tana karatu da ƙarfi, sauran suna ɗinka wa matalauta kaya.

Baƙaƙen mata 'yantattu na jihohin arewa suna cikin na gaba. A 1827 Sarah Allen, matar Bishop Richard Allen na ikkilisiyar Metodis ta baƙar fata a Filadelfiya, ta tara mata domin su gyara tufafin masu wa'azi da suka zo taron shekara da kaya a yayyage. A 1828 matan New York suka kafa ƙungiyar Dokas ta 'yan Afirka, bayan an gane cewa yara da yawa ba sa zuwa makarantar baƙar fata a lokacin sanyi saboda ba su da abin sawa. Matsalar da muka ambata a farko ke nan, ta yaron da rashin riga ya tsare a gida.

Shugabannin ikkilisiya sun so wannan aiki, dalili ɗaya kuwa shi ne ba ya tayar da ƙura. Mace tana zaune, kanta a sunkuye, bakinta a rufe. Ba su yi tsammanin cewa mata goma da suke zama tare kowane mako suna sauraron karatu za su fara tambayar inda audugar da ke hannunsu ta fito ba.

Kirsimeti a gandu

A ƙidayar 1830 bayi a Amurka sun kai wajen miliyan 2, a ta 1860 sun kusa miliyan 4. Frederick Douglass, wanda ya gudu daga bauta a 1838, ya bayyana a littafin tarihin rayuwarsa na 1845 yadda ake raba wa bayi tufafi sau ɗaya a shekara. Yaran da ba su isa aikin gona ba taguwa biyu kawai ake ba su, idan sun yage sai su yi yawo tsirara har shekara ta zagayo. Ya kuma ce kwanakin da ke tsakanin Kirsimeti da Sabuwar Shekara hutu ne. Masu ƙwazo sukan yi tsintsiya da tabarma da kwando su sayar, amma iyayengiji sun fi son su ga bayi sun bugu, har sukan yi caca a kan wanda zai fi shan barasa. A ganin Douglass hutun dabara ce. Ana barin tukunya ta ɗan fitar da tururi domin kada ta fashe, bawa kuma ya farka da ciwon kai ya ce ashe 'yanci ba wani abu ba ne.

Wannan magana tana da nauyi a kanmu. Ba kowace kyautar Kirsimeti ce ƙauna ba. Akwai wadda ake bayarwa domin a rufe baki. Mai hidimar da babban mutum ya aiko masa da buhunan shinkafa da turamen atamfa a raba wa jama'a a Disamba ya kamata ya tambayi kansa abin da ake so ya yi shiru a kai a Janairu.

A kudancin Amurka, Janairun ma ba ya jira. Ranar 1 ga wata ita ce ranar da ake ba da hayar bayi na shekara, ana kuma sayar da waɗansu domin biyan bashi. Uwa takan ci abincin Kirsimeti tana ƙirga kwana bakwai, ba ta san ko za ta ƙara ganin ɗanta ba.

Ɗinki a cikin duhu

An haifi Harriet Jacobs baiwa a Edenton, jihar Karolina ta Arewa, wajen 1813. Uwargijiyarta ta fari ta koya mata karatu da ɗinki. Da matar ta mutu, Harriet ta faɗa gidan wani likita, James Norcom, wanda ya fara nemanta da lalata tun tana 'yar shekara 15. Ta ƙi. Don ta kuɓuta daga gare shi ta yarda da wani lauya Bature, ta haifa masa 'ya'ya biyu, Joseph da Louisa. Ba ta ɓoye wannan a littafinta ba, ba ta kuma wanke kanta ba. Ta roƙi matan arewa da suke karantawa kada su auna baiwa da mudun da suke auna wadda doka take karewa.

Abin da ta rubuta game da ikkilisiya yana da wuyar haɗiya. Bayan tawayen Nat Turner a 1831, Turawan garin suka rushe 'yar majami'ar da bayi suka gina wa kansu a daji. Daga baya aka shirya musu wa'azi, mai wa'azin kuwa ya ɗauki Afisawa 6:5, inda aka yi wa bayi maganar biyayya, ya tsaya a nan bai matsa zuwa aya ta 9 ba, inda aka ja wa iyayengiji kunne. Likitan da yake damunta ya shiga ikkilisiya, yana cin jibin Ubangiji, ta ce halinsa ƙara muni ya yi. Ita kuwa a ɓoye ta koya wa wani tsoho karanta Littafi Mai Tsarki, alhali dokar jihar ta hana a koya wa bawa karatu.

A 1835 ta gudu. Norcom ya buga sanarwa a jarida cewa zai ba da dala 100 ga wanda ya kamo ta, ya kuma faɗakar da mutane cewa ta iya ɗinki ƙwarai, tana da kaya masu kyau. Yana ta nemanta har New York, ita kuwa tana nan cikin garin. Kakarta, Molly Horniblow, 'yantacciya mai sayar da burodi, tana da ɗan ɗakin ajiya a jikin gidanta. Tsakanin silin da rufin ɗakin akwai wani lungu mai tsawon ƙafa 9, fāɗin ƙafa 7, tsayinsa a inda ya fi tudu ƙafa 3. Ba taga. Ba ta iya miƙewa tsaye. Ɓeraye suna bi ta kanta, ruwan sama yana zuba, da rani zafi, da hunturu sanyi har gaɓoɓinta suka sandare. A nan ta zauna kusan shekara 7.

Ta sami wani ƙarfen huda katako da aka manta, ta huda 'yar kafa wadda ba ta wuce inci ɗaya ba. Ta nan iska take shiga, ta nan take samun ɗan hasken karatu da ɗinki, ta nan kuma take ganin 'ya'yanta, gama uban yaran ya saye su ya bar su a hannun kakar. Suna wasa a ƙarƙashinta, tana jin muryarsu, ba ta da ikon ta kira sunansu, domin yaro ba ya riƙe asiri.

Da Kirsimeti ya matso, kakar ta kawo mata yadi da ƙyallaye. A kwance, da hasken wannan 'yar kafa, ta ɗinka wa yaran sababbin kaya da 'yan abubuwan wasa. Aka sa musu a safa da dare. Da safe ba ta ga fuskarsu sa'ad da suka buɗe ba, amma ta leƙa ta gan su a titi sanye da kayan. Ta ji ɗanta yana gardama da abokin wasansa. Abokin ya ce ai babu wani Baba Kirsimeti, uwaye ne suke sa kaya a safa. Yaron ya ce ba zai yiwu ba, gama shi da ƙanwarsa sun sami sababbin kaya, uwarsu kuwa ta daɗe da tafiya. Tana jinsa. Ta ce ta yi marmarin ta gaya masa yawan hawayen da suka zuba a kan ɗinkin.

A ranar nan kakar ta yi wata dabara. Ta gayyaci ɗan sandan gari da wani mutum da aka sani da farautar bayi su ci abinci. Ta bar ƙofofi a buɗe, aka zaga da su ko'ina a gidan da sunan za a nuna musu wani tsuntsu, domin su koma su ce ba kowa a ciki. Harriet tana kwance tana jin takunsu.

Mu da muke wa'azin zama jiki na Almasihu kowace shekara, ya kamata mu daɗe a kan wannan hoto. Ga mai ba da kyauta tana kusa ƙwarai, a ɓoye, a ƙasƙance, masu karɓa kuma suna yaba wa wani dabam. Ba ma so mu mai da wahalarta kwatancin wa'azi mai daɗi, domin abin da ya sa ta a lungun zunubin mutane ne, da yawansu kuwa masu zuwa sujada. Amma Luka 2:7 ya nuna mana cewa hidimar farko da aka yi wa Mai Ceto a duniya ta ƙyalle ce, hannun mace kuma ya yi ta, a wurin da ba a shirya wa haihuwa ba.

Kasuwar matan Boston

A shekarun da Harriet take kwance a lungu, wasu mata a arewa suna ɗinki saboda irinta ba tare da sun san sunanta ba. A 1833 aka kafa ƙungiyar matan Boston masu yaƙi da bauta, farare da baƙaƙe tare. Cikinsu akwai Susan Paul, malamar makaranta, 'yar faston ikkilisiyar Baftis ta baƙar fata. Mata ba su da ƙuri'a, matar aure kuma a doka dukiyarta ta mijinta ce. Abin da yake nasu shi ne lokaci da allura. A Disamba 1834 Lydia Maria Child da Louisa Loring suka shirya ƙaramar kasuwa ta kayan hannu. Daga 1835 Maria Weston Chapman ta karɓi ragamar, ta riƙe ta fiye da shekara 20.

Sun zaɓi makon Kirsimeti da gangan, lokacin da mutane suke neman abin da za su ba 'yan'uwa. A kan tebura akwai hulunan jarirai, safa, 'yan tsana, jakunkunan hannu, ƙananan matasai na soka allura, tsumman sauke tukunya, barguna na haɗe-haɗen ƙyalle. A jikin da yawa an ɗinka ko an rubuta gajeren saƙo, ko hoton baiwa a durƙushe da sarƙa a hannu. Dabarar ta fito daga Ingila, inda matan Birmingham tun 1825 suke ɗinka jakunkunan kayan ɗinki su cusa takardun yaƙi da bauta a ciki. Akwai wani bargon gadon jariri daga kasuwar 1836 da har yau yake a ajiye. An yi masa zanen taurari, a tsakiya kuma an rubuta 'yan baitoci da tawada, masu roƙon uwar da take rungume da ɗanta ta tuna da uwar da aka ƙwace wa nata. Mutumin da ba zai taɓa zuwa taron 'yan yaƙi da bauta ba, ba zai karanta jaridarsu ba, sai ga shi ya kai wa'azinsu gida da kuɗinsa, ya shimfiɗa wa jaririnsa.

Kada mu ɗauka aikin ba hatsari. A ran 21 ga Oktoba 1835 taron 'yan iska, da yawansu masu kuɗi da shiga mai kyau, suka kewaye wurin da matan suke taro. Matan suka fito bibbiyu, farare suna riƙe da hannun baƙaƙe, suka ratsa ta tsakiyar masu ihu. William Lloyd Garrison, editan jaridar The Liberator, aka ɗaura masa igiya aka ja shi a titi. Bayan wata biyu matan suka sake buɗe kasuwarsu.

Kasuwar farko ɗaruruwan dala ta kawo. A shekarun 1840 ta koma babban zauren Faneuil, tana yin kwanaki, tana kawo dubbai kowace shekara. Akwatunan kaya suna zuwa ta jirgin ruwa daga ƙungiyoyin mata a Glasgow, Dublin, Cork, Bristol da sauran garuruwa. Aka riƙa kafa babban itacen Kirsimeti a zauren, a lokacin da yawancin mutanen Boston ba su taɓa gani ba. Daga 1839 ana sayar da wani littafin kyauta mai suna The Liberty Bell. Kuɗin ne ya riƙe jaridar ƙungiyar ƙasa ta yaƙi da bauta, ya biya masu yawon lacca. Matan Filadelfiya sun yi tasu kasuwa daga 1836 zuwa 1861. A Rochester kuwa ƙungiyar ɗinki ta mata, wadda aka kafa a 1851, ta tallafa wa jaridar Douglass, ta kuma taimaki bayin da suke gudu zuwa Kanada. Maza ne suke hawa dandamali, amma kuɗin tafiyarsu daga allura ya fito.

Ina fastoci suke? Waɗansu sun tsaya tare da matan, sun sha wuya. Amma a 1837 ƙungiyar fastocin Kongirigeshon ta Massachusetts ta aika da wasiƙa a karanta a majami'u, saboda 'yan'uwa mata biyu, Sarah da Angelina Grimké, 'ya'yan mai bayi daga kudu, suna magana a gaban maza da mata a kan abin da suka gani a gidan ubansu. Wasiƙar ta yaba wa macen da take addu'a a ɓoye, take koyarwa a makarantar Lahadi, ta kuma yi kashedi ga wadda ta ɗauki matsayin mai gyaran jama'a a fili. Wato a ɗinka, amma kada a yi magana. Rikicin ya shiga ƙungiyar matan Boston kanta. Waɗansu suka bi fastocinsu, waɗansu suka bi Garrison wanda yake sukar ikkilisiyoyi a fili, har a 1839 aka yi kasuwa biyu masu gasa da juna, a 1840 ƙungiyar ta tsage. Ba da daɗewa ba manyan ɗarikoki ma suka tsage a kan bauta, Metodis a 1844, Baftis a 1845.

Kafin mu ga laifin waɗannan fastoci, bari mu dubi gida. A ikkilisiyoyinmu da yawa, idan za a yi rufin majami'a ko a sayi kujeru, wurin zumuntar mata ake fara zuwa. Su ne masu ɗinka labulen bagade, su ne masu yi wa majami'a ado a daren 24 ga wata, su ne masu haɗa kayan da ake kai wa gwauraye da marayu. Idan aka zo zaman da za a yanke yadda za a kashe kuɗin, sau nawa ake kiransu? Wasiƙar 1837 ba a Turanci kaɗai ake rubuta ta ba.

Inda zaren ya yi rauni

Ba za mu yi wa kasuwar kwalliyar da ba ta da ita ba. Matsala ta farko auduga ce. Fiye da rabin abin da Amurka take sayarwa waje a lokacin auduga ce, bayi ne kuma suke nomanta. Mace tana iya ɗinka saƙon 'yanci a kan ƙyallen da baiwa ta tsinci audugarsa da bulala a bayanta. Waɗansu, musamman 'yan Kwaka irin su Lucretia Mott, sun ƙi amfani da auduga da sukarin bayi, matan Birmingham ma sun nemi yadin Indiya domin jakunkunansu. Amma irin wannan yadi yana da tsada da wuyar samu, yawanci suka ci gaba da abin da ke kasuwa.

Na biyu, hoton baiwa a durƙushe. Ya motsa zukata, amma ya koya wa masu saye su ga baƙar mace kullum a ƙasa tana roƙo. Harriet Jacobs ba haka take ba. Daga cikin lungu ta riƙa rubuta wasiƙu ana kai su arewa a sa a gidan waya, domin Norcom ya tabbata tana can.

Na uku, nasara ta canja kasuwar. Da sunanta ya fito, aka fara kawo kayan alatu daga Faransa da Ingila, masu kuɗi suna zuwa don sayen abin da ba a samu a kanti. Tsumman tukunya na matan ƙauye ya koma gefe. A 1858 Chapman ta rufe kasuwar ba tare da ta shawarci sauran ba, ta maye gurbinta da liyafar da ake gayyatar mutane su ba da kuɗi kai tsaye. Kuɗin ya ƙaru. Amma matar da ba ta da dala, sai dare da allura, ta rasa ƙofar shiga. Duk ikkilisiyar da ta bar ranar godiya ta girbi, inda kowa yake kawo abin hannunsa, ta koma ga kiran manyan baƙi su yi alkawarin kuɗi a lasifika, ta san wannan ciniki.

Akwai waɗanda suka yi ƙoƙarin tsare ƙofar a wani zamani. A 1957 Frances Spencer, wata mace a ikkilisiyar Lutheran ta Ascension a garin Danville, jihar Virginia, ta ga adon kanti ba ya faɗin kome game da Almasihu. Ta fara yin ado fari da ruwan zinariya da alamun Kiristocin farko: kifi, anka, rawanin sarauta, Alfa da Omega, haruffan farko na sunan Kiristi a Helenanci. Ta kira su Chrismon. Ƙa'idar da aka bi ita ce a yi su da hannu, kada a sayar. Al'adar ta bazu zuwa ɗarikoki da yawa, waɗansu da duwatsun ado suke yi, waɗansu da surfani a kan farin ƙyalle.

Ganga da akwati a Alexandria

A 1842 Harriet Jacobs ta fita daga lungun, aka ɓoye ta a jirgin ruwa zuwa Filadelfiya. Ta sake haɗuwa da 'ya'yanta a arewa. Kafin ta tafi, ɗanta ya gaya mata cewa ya taɓa jin tari daga saman ɗakin ajiya, ya gane ita ce, bai gaya wa kowa ba, sai dai ya riƙa janye abokan wasansa daga wannan gefen gidan. Ta yi aikin reno a New York, ta yi ɗinki a Boston. A 1849 ta zauna a Rochester tana kula da ɗakin karatu na 'yan yaƙi da bauta, a ginin da ofishin jaridar Douglass yake. A 1852 matar da take yi wa aiki ta biya dala 300 ta fanshe ta, abin da ya yi mata daɗi ya kuma yi mata ciwo, domin ba ta yarda ita kayan sayarwa ba ce.

Da dare, bayan ta kwantar da 'ya'yan mutane, ta rubuta labarinta. Ya fito a 1861 da sunan aro, Linda Brent. Wadda ta duba rubutun ta kuma rubuta masa gabatarwa ita ce Lydia Maria Child, matar da ta buɗe kasuwar Kirsimeti ta farko a 1834.

A wannan shekara yaƙin basasa ya ɓarke. Dubban bayi suka gudu zuwa inda sojojin arewa suke, da yawa suka taru a Alexandria kusa da Washington, ba riga, ba bargo, ga agana tana kashe su. Ƙungiyar matan Rochester ta aiki Julia Wilbur a 1862. A farkon 1863 Harriet ta iso, 'yan Kwaka na New York suna ɗaukar nauyinta. Ƙungiyoyin ɗinki na arewa suka riƙa aiko da kaya a ganga da akwati, su biyun suna buɗewa suna rabawa, suna kuma faɗa da jami'an da suke wulakanta 'yan gudun hijira. A Janairu 1864 ta buɗe makarantar yaran 'yantattu, ta nace cewa baƙaƙen malamai ne za su riƙe ta. Shugabar malaman ita ce Louisa, yarinyar da ta taɓa yawo a titin Edenton da sabuwar rigar Kirsimeti ba ta san wanda ya ɗinka ba.

An haramta bauta a dukan Amurka a Disamba 1865. Harriet ta rasu a Washington a 1897. Bayan haka masana suka daɗe suna ɗaukar littafinta ƙagaggen labari ne, waɗansu suna cewa Child ce ta rubuta, gama wa zai yarda mace ta yi shekara 7 a wurin da ba ta iya tsayawa? Sai a shekarun 1980 wata malamar jami'a, Jean Fagan Yellin, ta bi wasiƙun Harriet da takardun kotu da jaridu, ta gano ainihin sunayen mutanen, da filin da gidan kakar yake, da sanarwar dala 100 wadda ta ce baiwar da ta gudu ta iya ɗinki.